Babbar Rigar da Inji Ya Cinye

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya ga singiletina ba.

Wani ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe na sayo na hannu a Sabon Gari, irin wanda ake ɗorawa kan tebur. Na kankare tsatsarsa da kananzir, na ɗaure shi da notuna a zaurena, na sa masa mai. Wanda ya sayar mini har kunne ya ja mini: "Malam, wanga inji bai san mutunci ba. Kada ka kusance shi da riga mai yalwa." Na ce na ji. (Ban ji ba.)

Ko ƙusa ban yanka da shi ba, amma bakina ya riga ya kai labari Bungudu, garin su matata. Sai ga Baba, mahaifin matata, da murfin injin ban-ruwansa a buhu. Bakin murfin ya ɗan karkace, ruwa na tsiyaya, albasarsa a fadama ta fara yaushi, kuma an nemi irinsa a kasuwa an rasa. Idan na ɓata wannan, albasa ta tafi.

To, wa zai tsaya gaban surukinsa da 'yar shara? Na zura babbar rigar shaddar da shi da kansa ya ɗinka mini da Sallah, na naɗe ta a kafaɗa. Na ɗaure murfin, na yi bismillah, na kunna.

Inji na juyawa, Baba ya ce, "Ina yaran, lahiya dai?"

Ni kuma ɗan ladabi, na waiwaya na rusuna zan amsa. Rigar ta zame daga kafaɗata. Ƙarfen da ke juyawa ya cafke ta.

Innalillahi! Inji na naɗewa, ni ina matsowa. Makunnin ya shige ƙarƙashin shadda, na laluba ban same shi ba. Wuyan rigar ya shaƙe ni, fuskata na dosar haƙoran ƙarfe. Ni, magidanci mai gemu, na kurma ihu: "Wayyo Inna!"

"Fice daga rigar!" in ji Baba, ya fizge wayar daga bango.

Na sulale ta ƙasa kamar kifi. Hula can, ni nan, daga ni sai singileti mai huji a daidai cibiya. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Baba ya kama hannuwana ya duba yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya duba murfinsa, ko ƙwarzane babu. Ya dubi shaddarsa da ta koma tsumma. Sannan ya ce, "To, yanzu ka yi shigar aiki. Gyara min murfina."

A haka na gama aikin, ina rufe cibiya da gwiwar hannu. Albasa ta tsira.

Tun ranar na gane ladabi na da wurinsa, kuma wurin ba gaban inji ba ne. Da Sallah ta zagayo, Baba ya aiko mini da ɗinki kamar kullum. Na buɗe leda: 'yar shara ce, mai gajeren hannu.