Kibiyata a Allon 'Yan Mangu

A gasar harbin kibiya ta ƙananan hukumomi, kowace tawaga da allonta mai lamba. Alƙalin wasa yana bayani, ni ina gyara hula. Jikan maharbi za a koya wa harbi?

Na ɗana kibiya na saki, ta kafe a tsakiya. Na juyo da ƙasaita, sai na ga 'yan Mangu ne ke tafa hannu. Kyaftin ɗinmu ya dafe kai: "Oga, allonmu lamba huɗu ne, na biyar ka harba!"

Harbin da ya fi kowanne kyau, wai sifili! Haka aka fitar da tawagarmu ta Jos.

Har yau in na doshi gida a Nasarawa Gwom, sai masu walda su ɗaga murya: "Oga, duba lambar ƙofa, kar ka faɗa gidan maƙwabci!"