Yadda Inna Hajo Ta Zama Direba

Jiya Alhamis, gab da magariba, maƙwabcina Kalilu tela ya tsayar da motar haya a ƙofar gida, ya fito da mahaifiyarsa Inna Hajo yana riƙe da hannunta, don shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe mata gani. Na tashi daga tabarma na tare su da barka da dawowa daga asibiti. Kalilu bai ko dube ni ba. Tsohuwar ce ta miƙo mini wata takarda mai hatimi har biyu, ta ce, "Malam, duba mani, wai na zama direba."

Bari in faro muku daga tushe, jama'a. Inna Hajo a Ɗan Isa take zaune, hayin iyaka, wajen ƙanenta. Likitan ido kuwa sau ɗaya yake leƙowa Katsina a wata uku, kuma da an kira azahar yake rufe littafinsa. Da kyar Kalilu ya samo mata kati na jiya. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ɗauko ta, ya tsallako shingen iyaka, ya kai ta kafin azahar.

Mota ba ta gagare shi ba. Tun da kuɗin mai suka fara malala, Ɗantala na bakin tasha ya ajiye motoci uku yana ba da haya ga duk mai lasin, shi kuwa Kalilu ya ja motar gyaɗa shekara shida kafin ya koma kan keken ɗinki. Duk ukun ya tuƙa su a 'yan watannin nan wajen ɗauko yadi, kuma ba wadda bai ba ni labarinta ba, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

Ta farko ita ce Hajiya Babba, tsohuwar mota mai sitiyari a dama, tun ta zamanin da muke bin hagun titi. Kalilu yana son kujerarta, ya ce ta fi katifar rimi, ga jiki mai ƙwari. Amma tun da magabata suka wayi gari suka ce kowa ya koma hannun dama, mai tuƙa ta ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya jefa rabin motar cikin titi. In za ka wuce babbar mota sai ka tambayi na kusa da kai ko akwai hanya. Kalilu ya ce, "To ni da Inna zan ɗauko, wa zan tambaya?"

Ta biyu ita ce Ranka-ya-daɗe, doguwa baƙa, wadda Ɗantala ya saya a gwanjo bayan wani babba ya hau ta wata bakwai ya ce ta tsufa. Har yanzu ɗan ƙarfen tuta yana nan a goshinta. Wannan kam Kalilu ya sha daɗinta: tun daga nesa shinge ke ɗaga kansa, masu kaki su ƙame, ba mai tambayar takarda. Aibinta ɗaya, shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. A Jibiya kuwa, mu da aka ce ƙasarmu ta fi kowa mai, kullum tankoki muke gani suna wucewa arewa a cike, mu muna layi da galan tun hantsi. Ranar Laraba Kalilu ya yini a layi, abin da ya samu bai isa wannan ƙasaitacciya ta kurkure baki ba.

Dole ya ɗauki ta uku, 'Yar Maraɗi, ƙarama fara mai sitiyari a hagu. Odarta kamar kukan ɗan akuya, giyarta a jikin sitiyari, ƙofarta sai an yi mata magana da gwiwa. Amma tana lasar mai ne kawai, kuma rairayin hanyar Ɗan Isa ba ya kama ta. Da sassafe ya wuce shingen Magama ba wanda ya kula shi, ana shan shayi. Hantsi bai gama dubawa ba ya dawo da Inna a kujerar gaba, ta dama, ta lulluɓe da mayafinta tana jan carbi.

Suna isowa Magama, Mai Girma Sarkin Shinge, Allah ya ƙara masa tumbi, ya taso da littafinsa. Shi dai manyan motoci sababbi ba ya tare su, sara musu yake yi. Tsofaffin motocin talakawa yake tarewa, su kuwa duk direbansu a dama yake. Saboda haka ƙafarsa ta kai shi tagar dama, idonsa na kan littafi.

"Sunan direba?"

Tsohuwa ta ɗauka gaisuwa ce irin ta 'yan boko. Ta ce, "Hajo, ɗana. Muna lahiya?"

Ya rubuta. "Lasin?"

Kalilu ya miƙo nasa ta gaban uwar. Mai Girma ya ce, "Kai fasinja, ba da kai nake ba."

"Ranka shi daɗe, ni ne direban. Ga sitiyari nan gabana, duba ka gani."

Ya duba, ya gani. Da ni ne, ko kai mai karatu, da sai mu yi dariya mu ce tuba muke. Amma babba ba ya kuskure, sai dai mota ta yi. Ya juyo da littafin ya nuna wa Kalilu inda aka buga: direba, kujerar dama. An ce tun shekarar canjin hannu aka kafa kwamitin sake buga littafin, har 'yan kwamitin sun je ƙasashen Turawa sau biyu don su ga yadda ake rubuta hagu. Ba su dai gama nazari ba.

"Na riga na rubuta da biro," in ji shi. "Littafin hukuma ba a kankare shi. Direba Hajo, ba ta da lasin, mota ba ta wucewa."

Kalilu ya durƙusa a rana, mutum mai 'ya'ya biyar. Ya ce, "Don girman Allah ka dubi idonta. Likita za mu, in azahar ta yi shi ke nan sai bayan wata ukku. Ko ka bari in sauke ta mu hau wata."

"Direba ba ya barin motarsa a shinge. Doka ce."

Mafita ɗaya ce, a cewarsa: direba ta yi lasin. Ga ofishin Mai Girma Sarkin Hatimi can ƙarƙashin dalbejiya, sai dai ya tafi ɗaurin aure Daddara, yanzun nan zai dawo. Kalilu ya zauna bakin mota yana kallon inuwa tana tsukewa har ta shige ƙarƙashin taya. Ya gaya mini da ya ji ladan ya ɗaga murya, sai da ya juya baya ya share ido, don kada uwar ta ji a muryarsa. Ita kuwa likita kawai take tambaya, sai cewa take, "Kalilu, lokotoron nan dai yana jiranmu ko?"

Sarkin Hatimi ya dawo bayan azahar yana sakace. Mutumin kirki ne, ba ya son wahalar da tsofaffi, musamman in an gaishe shi da goro. Amma aiki aiki ne, sai da ya yi mata gwajin ido.

"Inna, kina ganina?"

"Ina dai jin muryarka, ɗana."

"Madalla."

Ya dangwala mata yatsa a tawada, ya buga hatimi, ya ƙara na biyu don ladabi. Ni da kaina shekara biyu ina sintirin neman lasin babur a ofishin nan, kullum a ce in dawo Litinin. Ashe laifina ne da nake zuwa da idona biyu.

Sun isa Katsina da la'asar. Mai gadi ya ce likita ya tafi tun ɗazu, a dawo bayan wata uku, kuma a sake neman kati.

Abin ya ƙona mini rai, wallahi. Ina tsaye da takardar a hannu, Inna Hajo ta ce, "Malam, mi anka rubuta?"

Na karanta mata: suna Hajo, sana'a tuƙi, gani lafiya lau.

Ta jinjina kai, ta laluba ta karɓi abarta, ta ƙulle a bakin zane. Ta ce, "To Allah shi saka ma hukuma. Ta riga lokotoro warkar da ni."

Kalilu ya ce in wata ukun ta cika jaki zai ɗauka haya, tun da shi kujerarsa a tsakiya take. Ni dai shawarata gare ku, in kun hango mota ta taho a hanyar Magama, ku hau gefe da nisa. Ba ku san wa aka yi wa gwajin ido ranar nan ba.