Gemun Audugar Filibus

Akwai mutumin da in ya yi wata uku a Legas sai ya dawo yana tambayar da wane hannu ake cin tuwo. To Filibus irinsu ne, sai dai nasa ya fi muni, don shi shekara shida cur ya yi bai taka gida ba. Ba faɗa aka yi ba, ba korarsa aka yi ba. Duk Kirsimeti sai ya bugo waya ya ce aiki ya riƙe shi, kai ka ce shi ya fara aiki a duniya.

Yayarsa Rifkatu ce ke zaune da mahaifiyarsu a Bukuru. Nas ce, ita ke auna jinin tsohuwa, ita ke kai ta coci, ita ke shan tambayar "Auta bai kira ba?" safe da yamma. Ana saura kwana biyar Kirsimeti sai ga wayar gogan. Wai ya sauka Jos a ɓoye, yana otal, ta zo ta same shi a wani gidan shan kofi, kuma kada ta kuskura Mama ta ji.

Daga wurin aiki ta wuce, ko kayan asibiti ba ta cire ba. Gaskiya wurin ya yi daɗi, wannan kam ba ta musa ba. Ga ɗumi bayan sanyin waje, ga ƙamshi, ga kujeru masu laushi da mutum ke nutsewa ciki har ya manta yana da ƙafa. Sai dai kowa magana yake ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar mutuwa. Ta zaga wurin ba ta ga ƙaninta ba. Ta sake zagawa, ta wuce wani ƙato mai tumbi da ƙwalƙwal ɗin kai, sanye da baƙin tabarau a cikin ɗaki. Sai da ƙaton ya ɗaga hannu ya ce "Yaya, ga ni nan," sannan ta tsaya tana kallonsa. Ashe Auta ne, yaron da ya bar gida kamar sillen kara.

Aka gaisa. Ya sa aka kawo mata kofi a wani ɗan mitsitsin kofi da bai fi murfin kwalba ba, baƙi ƙirin. Ta kurɓa, ɗaci ya gauraye mata baki, ta ajiye.

Ya ce, "A hankali ake sha, Yaya, ba kunu ba ne."

Ta ce, "Na ga alama. Kunu ai don mutane ake dama shi."

Ta zauna tana jira ya tambayi jikin Mama. Ya yi mata labarin jirgin da ya hau, ya yi na ofis ɗinsu, ya yi na ruwan zafin otal. Mama dai ba ta shigo zancen ba sai da ya zo kan abin da ya kira ba-zata.

Ya matso da kujera ya rage murya. "Ga tsarin. Yau in kin koma ki ce mata na kira, bana ma ba zan samu zuwa ba. Ki ɗan sa tausayi a muryarki. In ta yi hawaye ma ya fi, abin zai fi armashi. Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga coci, lokacin da ake rabon shinkafa ga maƙwabta, sai kawai in shigo a matsayin Fada Kirsimeti."

Ya buɗe jaka ya nuna mata jar riga, da jar hula, da wani farin gemun auduga mai igiya.

"Ke kuma ki riƙe waya kina ɗaukar bidiyo. In na zo gabanta sai in fizge gemun. Ki tabbata kin kamo fuskarta sosai, don shi zan saka a intanet abokaina su gani."

Ran Rifkatu ya ɓaci, ɓaci na gaske. Ita ta san abin da "ba zan samu zuwa ba" ke yi wa tsohuwar nan, don sau shida tana gani da idonta. Tun rasuwar Baba, Mama ta ce ƙundun zakaran Kirsimeti na Filibus ne, tunda shi ne namijin gida. Duk shekara sai ta soya shi da hannunta, ta rufe a ɗan kwanon sha, ta ɗora kan kabad. Babu mai taɓawa har sabuwar shekara, ko Allah zai sa ya canja shawara ya faɗo. Kuma duk ankon da iyali suka fitar sai ta kai wa tela yadinsa, a ɗinka masa riga da tsohon awonsa. Riguna shida ke ninke a akwati, waɗanda ko hannun wannan ƙaton ba zai shiga ɗaya ba. Bara da aka gaya mata ba ya zuwa, kwana biyu ta yi ba ta ci abin kirki ba, jininta ya hau har sai da aka ƙara mata magani.

Ta ce, "Auta, ka san Mama na da hawan jini?"

Ya ce, "Haba Yaya, ke da kike nas? Farin ciki ai magani ne. Kwana biyar ne fa kawai za ta yi haƙuri."

"Kwana biyar tana kuka, don kai ka samu abin nuna wa abokanka."

"Matsalarku ke nan a gida, ba ku san yadda ake waɗannan abubuwan ba. Yanzu haka duniya ke yi."

Ta ce, "To duniya ta je ta yi wa uwarta. Ni bakina ba zai faɗa wa tawa wannan ƙaryar ba. Ka tashi mu tafi gida yanzu, ta gan ka, ta samu kwana biyar tana murna."

Filibus ya cire tabarau, ya girgiza kai irin na wanda aka haɗa shi da 'yan ƙauye. Ya ɗaga gemun yana kaɗa shi a gabanta.

"Yaya, ki yi tunani mana. In na shiga haka kawai, babu riga babu gemu, tana ɗaga ido za ta gane ni. To ina ba-zatan yake?"

Rifkatu ta ture masa ɗan kofin gabansa, ta rataya jakarta, ta dube shi tun daga tumbi har ƙwalƙwal.

"Mayar da gemunka jaka, Auta. Ni da na goya ka, sau biyu na wuce ka a ɗakin nan ban gane ka ba. Ka shigo da fuskarka kawai, in ta gane ka ai shi ne ba-zatan."