Tayi Ɗaya Suke Yi a Ƙasar Sanyi

Jiya da hantsi, jama'a, na tura babur ɗina da ƙafa tun daga kasuwar Yelwa har gidan mai, na tarar layi ya miƙe har ya sha kwana. Na ce to madalla. An ba mu sabuwar jiha fil, shi kuma mai ya ce a tsohuwar zai ci gaba da zama. Ina cikin wannan godiya sai na hango wani a gabana cikin ƙatuwar rigar sanyi har gwiwa, a ranar nan ta Yauri mai gasa kifi ba itace. Na leƙa fuska, ashe maƙwabcina ne Malam Tanimu, hedimastan wata firamare a bakin ruwa can wajen Ngaski.

Na ce, "Malam, zazzaɓi ne?"

Ya ce, "Wane zazzaɓi? Tsaraba ce. In na tuɓe ta, wa za shi san na tafi ƙasar waje?"

Hafsatu mai soyayyen kifi ta ajiye tirenta ta ce lalle yau ciniki ya jira, sai ta ji labari.

Ga waɗanda ba su sani ba, iskar bara ta yaye rufin makarantar Malam Tanimu kaf. Iyayen yara, masunta ne, sun gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in damina ta sake faɗuwa ba kwano, za su kwashe 'ya'yansu. In dai jiƙewa ce, gara yaro ya jiƙe cikin kwalekwale, can ko ba komai akwai kifi. Ana haka sai ga gayyata daga malaman wata ƙasar sanyi, su ma masu tafki da masunta, wai malamanmu su je su ga makarantunsu da ayyukan gayyarsu. Malam ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Gayyatar ta malamai ce, amma kun san hanya da nisa. Kafin ta ratsa ofisoshi ta kai filin jirgi, malami ɗaya tal ya rage a cikinta. Sauran kuwa su ne Mai Girma Jagoran Ayari, da Mai Duba Lafiyar Jagora, da Mai Riƙe wa Jagora Hula, da wani surukin Jagora da aka ce yana son ilimi ƙwarai. Malam ya tsira ne don ana bukatar mai jin Turanci kuma mai ƙarfin ɗaukar jaka. Wannan adalci ne, ban ce komai ba.

Malam ya ce, "Maƙwabci, gani ya kori ji. A can ƙofa ta buɗe mini kanta, wallahi sai da na ce mata sannu da aiki."

Makarantar farko da aka kai su, Jagora ya ƙi sauka daga mota. Yana ta gyaran babbar riga, yana jiran a jero yara a rana su yi masa waƙa. Shiru. Ba a shafa wa ko dutse ɗaya farar ƙasa ba, yara na aji suna karatunsu kamar ba manya a gari. Daga nan aka kai su gidan bandar kifi na ƙungiyar mata, tsaf-tsaf, hayaƙi na bin hanyarsa ba ya bin idon kowa. Jagora ya tambaya wa aka ba kwangilar. Suka ce ba kowa, su suka haɗa hannu suka gina. Ya girgiza kai cike da tausayi ya ce, "Allah sarki, bayin Allah, ashe ba su da gwamnati."

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wurin cin abinci. Mu nan, in an yi maka tayi, ai sai ka ce alhamdulillahi ka ƙoshi. Mai gida ya sake, ka sake nokewa. A na uku ya haɗa ka da Allah, sannan ka wanke hannu ka yi wa kwano kaca-kaca. To, ran farko aka ɗora wa Jagora kifi kamar cinyar yaro, ya kau da kai ya ce ya ƙoshi. Matar da ta kawo shi ta yi murmushi, ta ɗauke farantin, ta wuce abinta. Jagora ya bi kifin nan da ido har ya shige kicin. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Hafsatu ta dafa tire tana share hawaye. "To ai ya koyi darasi."

Malam ya ce, "Hafsatu, babba ba ya koyo, sai dai ya koyar."

Ranar bankwana aka taru a zauren ƙungiyar masunta. Shugabarsu, wata tsohuwa mai hannu kamar na mai jan taru, ta miƙe ta ce al'adarsu ce duk shekara su ɗauki makaranta guda ta 'yan uwansu masunta su yi mata abin da ta rasa. Ta dubi Malam Tanimu ta ce, "Me makarantarku ta rasa?"

Malam ya ce mini dama wannan tambayar yake jira. Tun a jirgi yake bitar kalmar kwano da Turanci. Ya buɗe baki ke nan sai ya ji takalmin Jagora a kan yatsunsa.

Jagora ya raɗa masa, "Kai, ba a tona asirin gida a gaban baƙi. Bari su matsa tukuna."

Sannan ya miƙe ya baje riga. Ya ce mu sabuwar jiha ce, komai namu sabo ne, kowace makaranta da rufinta, mun gode, ba ma bukatar komai. Ya sa Malam ya fassara da bakinsa. Ya zauna yana murmushi, yana jiran tayi na biyu.

Suka tafa masa sosai. Tsohuwar ta ce ta yi farin ciki ƙwarai, ta juya wajen baƙin wata ƙasa da ke gefe. Malaminsu ko kunya babu ya ce su rufi suke so. Aka ce an ba su. Taro ya tashi.

A nan dariyar Malam ta tsaya. Ya ce, "Maƙwabci, na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba. Ran da zan tafi, yaran makarantata sun raka ni har bakin kwalta."

A jirgin dawowa Jagora ya yanke hukunci cewa mutanen nan suna da tsafta, amma ba su da tarbiyya, ba su iya tayi ba. Malam ya daure, bayan sun sauka ya bi shi ofis ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, to maganar kwanon fa?"

Jagora ya dube shi da mamaki. "Wane kwano kuma, Malam? Ba da bakinka aka shaida wa duniya makarantarku na da rufi ba? So kake ka ƙaryata jiharka?"

Ni dai ba ruwana, ɗan layin mai ne ni. Sai dai ina roƙon duk wanda ya riga ni ganin hadarin da ke haɗowa ta wajen Shanga, don Allah ya tsai da shi ya karanta masa jawabin Jagora. Duk ƙasar nan shi kaɗai ne bai ji an yi wa makarantar rufi ba.