Rasuwar Rigar Sulken Sakib Mai Haƙo Nakiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta da sauran wurin ajiye wani, Sakib Omerčić, mai haƙo nakiyoyin da yaƙi ya bari a dazukan bakin kogin Spreča, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar rigarsa ta sulke. Ta rasu tana da shekara goma sha tara, ko da yake takardar da kamfani ya liƙa a wuyanta shekara biyar kacal ta ɗibar mata.

Marigayiyar 'yar dangi ce. Kakanninta na ƙarfe ne, masu karya gadon bayan soja tun kafin abokin gaba ya hango shi. Iyayenta na lailon, ga kauri, ga zafi, ga saɓa alkawari. Ita kuwa an saƙa ta ne da wani zare ruwan ɗorawa da aka gano ana neman abin ƙarfafa tayar mota, sai ga shi ya fi ƙarfe taurin kai. Duk jikinta bai fi jariri nauyi ba.

Ba ta da surutu, baiwar Allah. Da safe "kyaat" in an ɗaura ta, da yamma "kyaat" in an kwance. Sau ɗaya ta ɗaga murya, ranar da nakiya ta tashi taku bakwai daga Sakib. Ta ce "dum", ta haɗiye ɓaraguzan ƙarfe goma sha ɗaya, ta bar shi da karyayyen haƙarƙari da kuma ransa.

Ajali bai same ta a daji ba. Sallah ce ta gabato, mahaifiyarsa Zejna kuwa ko labule ba ta yarda ya shiga Sallah da datti. Ta ga rigar a rataye tana tsamin gumi, ta farke marufin, ta jiƙa saƙar da ke ciki a ruwan bilic, ta dirje ta da buroshi kamar darduma, ta shanya a rana kwana uku, sannan ta mayar ta ɗinke. Abin da nakiya ta kasa, bilic da rana suka gama shi. Ratko, shugaban tawagarsu ta masu haƙo nakiya, ya murza zaren ya ga yana zuba kamar gari, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ko sauro ba za ta tare ba." Sababbin riguna, in ji shi, suna kan hanya. Shekara uku ke nan suna kan hanya.

Marigayiyar ta bar hular kwano mai tsagaggen gilashi, da sandar laluben ƙasa, da Sakib, da 'yarsa Lamija da ke aji biyu. Ta kuma bar dubban nakiyoyi cikin ƙoshin lafiya. Sakib bai ɓoye ba, tsoro yake ji.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi a shagon shan kofi na Ratko. Ana roƙon kada a liƙa wannan takarda a bishiyar ƙofar masallaci, don ta nan Zejna ke wucewa, kuma ba ta san ta yi kisa ba.

Ba za a binne marigayiyar ba, ƙasar nan ta ƙoshi da abin binnewa. Doka ta hana shiga daji ba riga, don haka ranar Litinin ƙarfe bakwai Sakib zai sanya gawar ya tafi aiki. Zejna za ta raka shi bakin ƙofa yadda ta saba, ta shafa ƙirjin rigar, ta maimaita abin da take faɗa tun Sallah: "Ka ga yadda ta yi fes, ɗana? Yanzu hankalina ya kwanta."