Ranar da na share wa Hannatu talabijin

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidan ɗana Bitrus da ke Samaru ba. Shekara talatin na yi ina gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, kuma wannan ne ya sa nake ganin duk abin da ke da waya a jiki ni ne ubansa. (Firamare kawai na gama, amma ban taɓa bari wannan ya hana ni yin bayani ba.)

Jikata Hannatu kurma ce tun haihuwa, tana karatu a jami'a. Ni dai "Amarya" nake ce mata, in tsaya a kanta in ɗaga murya ina mata tsiya, ita kuma ta yi murmushi. Ban taɓa koyon maganar hannu ba. A ganina murmushin ya isa.

Ranar na iso da hantsi, ita da uwarta sun tafi kasuwa. Na tarar ta bar na'urar wasan gem ɗinta a kunne. Fuskar talabijin cike da tarkace: manyan rubutu a ƙasa, wani ja wani kore, ga wasu kibiyoyi a gefe. Sauti kuwa babu. Na ce lallai yara sun lalata kaya. Na sa tabarau, na lalubo wurin da ake mai da komai yadda ya fito daga kamfani, na danna. Hoto ya fito tas. Na ƙure sauti, wai don ta ɗan ji.

Ashe ƙarfe huɗu suna da gasa ta intanet, ita da abokan karatunta uku, wata biyu suna shiri. Cunkoso ya riƙe ta a hanya, ta shigo a guje saura minti ɗaya, ta tarar da abokan suna jiran ta a falo, ta zauna ta ɗauki abin buga wasan. Aka fara. Irin wasan harbe-harben nan ne da ba a tsayar da shi. Na ga tana ta duba gefen talabijin, tana juyowa tana kallon abokanta. Sau uku ana harbin ta ta baya. Kafin ruwan shayina ya huce an fitar da su.

Ni kuwa ina kan kujera na harɗe ƙafa, na ce, "Kun ga yadda hoton ya wanku? Ni na gyara shi da safe."

Wata yarinya a cikinsu, Ladi, ta ce, "Baba, me kuka gyara?"

"Na share duk rubuce-rubucen banzan nan."

"Baba, kunnuwanta kuka share. Rubutun shi ne abin da ake faɗa, launin ya nuna mata mai maganar. Kibiyar kuma ita ke gaya mata ta inda ƙarar takun mutum ke zuwa."

Ladi ta juya ta yi wa Hannatu bayani da hannu. Ina kallo ana ba da labarin wautata a gabana, ban gane ko kalma ɗaya ba. Hannatu ba ta yi kuka ba. (Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.) Ta ɗauki wayarta ta yi rubutu ta miƙo mini: "Kaka, shekara goma sha tara kana yi mini magana kamar wannan talabijin ɗin. Baki na motsi, babu rubutu."

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai na tuna da bakin ne matsalar. Na karɓi wayar, na yi minti biyar ina neman haruffa a gaban yara huɗu.

Gasar dai ta wuce, ban iya dawo mata da ita ba. Yanzu duk Lahadi bayan coci nakan je Samaru ta koya mini maganar hannu. Alamar farko da ta koya mini, tana dariya, ita ce "kar ka taɓa". Na riƙe ta da kyau. In ka ga abu bai yi maka daidai ba a ɗakin wani, tambayi mai ɗakin kafin ka sa tabarau.