Ranar da Na Yi wa Ɗan Besbol Iƙama

A ofishinmu na unguwar Bagdadiyya a Jidda abokin shayina ɗaya ne tak, wani Ba'amurke mai tara katunan 'yan wasan besbol. Rannan ya ara mini wanda ya gada wurin mahaifinsa.

Na ga katin ya tsufa, ga laimar Jidda. Na ce bari ya ga mu ma mun san darajar takarda. Na kai shi kasuwar Balad aka manne shi cikin leda kamar iƙama, katin izinin zama, aka datse gefunan tsaf. Na miƙa masa ina jiran godiya. Ashe na kashe katin ne, don a wurin masu tara irinsa wanda aka manne aka datse ba shi da sauran daraja.

Ya jujjuya shi, ya ce, "Halas," wato shi ke nan a Larabce. Tun ranar ni kaɗai nake shan shayi.

Har yau direbanmu kan tambaye ni, "Alhaji, an sabunta wa ɗan wasan iƙamarsa?"